Malamin gona da shukar cikin gilashi

Shukar da ke zaune a ƙarƙashin ruwa ba ta da cin gero ko masara. A akwatin gilashin kifi irin mai sauƙin kula, wanda ba a hura masa iskar kabon kuma fitilarsa ba ta da ƙarfi, girmanta a hankali yake, cinta ma haka. Abincin da ta bari kuwa yana nan cikin ruwan, gansakuka ce ke gadonsa, ta lulluɓe gilashi da ganye har shukar ta shaƙe.

Wannan ne ya yi wa wani tsohon malamin gona a Maraɗi wuyar karɓa. Ƴarsa ce ta bar masa amanar akwati mai cin lita 60 da ƙananan kifaye 12 lokacin da za ta tafi karatu. Mutum ne da ya yi shekara 30 yana koya wa manoma zuba taki, saboda haka da ya ga ganye ya fara koɗewa sai zuciyarsa ta tafi ga buhu. Abin da ya riƙe hannunsa lissafi ne. Takin 15-15-15 da yuriya suna sakin amoniya a ruwa, ita kuwa guba ce ga kifi. Cikin ƙaramin cokali ɗaya a lita 60 ya isa ya mai da amanar gawa.

Ashe akwatin yana da masu yi masa taki. Duk abincin da aka watsa wa kifi yana komawa naitirojin da fosforas ta hanyar kashinsu, kamar yadda garken Fulani ke takin gonar da ya kwana a ciki bayan girbi. A kan wannan tunani Diana Walstad, Ba'amurkiya, ta gina littafinta na 1999 game da akwatin kifi mai shuke-shuke. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne fotasiyam da sinadarin ƙarfe.

A nan ne tsohuwar sana'arsa ta yi masa rana, domin ganye a ruwa ko a tudu harshensa ɗaya ne. Idan naitirojin ya gaza, shuka takan kwashe na tsofaffin ganye ta ba sababbi, sai rawaya ta fara daga ƙasa. Sinadarin ƙarfe ba ya kwasuwa haka, don haka sabon toho ne ke fitowa fari fat, tsofaffin suna nan kore shar. Rashin fotasiyam kuwa ƙananan huji yake bari kamar an soka allura. Ya duba da kyau: sababbin ganyen ne suka koɗe. Ya nemo takin ruwa wanda aka yi musamman don akwatin kifi, yana ɗiga rabin abin da aka rubuta a jikin kwalbar sau ɗaya a mako. Rabin ya fi dacewa, domin masu sayarwa ba su cika yin rowar awo ba.

Shuka ɗaya ce ta ƙi sauraron taki, wato Anubias barteri, wadda asalinta bakin rafukan dazuzzukan Najeriya da Kamaru ne. Sunanta na biyu na Charles Barter ne, mai tattara tsirrai da ya biyo Baikie a kogin Kwara ya rasu a Rabba a 1859. An binne kaurin jikinta a yashi, ya fara ruɓewa. Da ya tono ta ya ɗaure a jikin dutse da zare, ya bar saiwoyin kawai suna lilo, sai ta farfaɗo.

Sauran aikin kaɗan ne: fitila awa 7 a rana, a nisanta akwatin daga taga, a canza rubu'in ruwan duk mako biyu da ruwan famfo da ya kwana a bokiti don kulorin ya fita. Ya kuma ɗebo kainuwa daga tafki, ya wanke ta, ya ajiye ta daban na ƴan kwanaki kafin ya sa ta a saman ruwan. Ita da ake wa kirari da dashen Allah tana shan iska daga sama, don haka ta fi kowa saurin zuƙe rarar abinci, ta bar gansakuka da yunwa. Sai dai idan ta rufe fiye da rabin fuskar ruwan tana tare wa na ƙasa haske. Duk ranar Juma'a yakan kwashe cikin hannu biyu, ya kai gindin bishiyar lemun da ke tsakar gida ya binne.