Guzuri a Sararin Samaniya

Ranar da zan bar Gombe zuwa wani taron ƙara wa juna sani a birnin Hambog na ƙasar Jamus, cikin damunar shekarar 2023, na biya ta gidanmu da ke Jekadafari domin in yi sallama da mahaifiyata. Na tarar ta riga ta ƙulle mini ƙunshi: dabino, da cincin, da dambun nama cike da 'yar roba. Na yi murmushi na ce, "Inna, ai jirgin sama zan hau, ba motar Gombe Line ba. A can ciyar da mutum ake yi har ya ture." Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina ɗan firamare, ta ce, "To Malam, su da za su ba ka ɗin, sun san ka ne?" Dambun na bar wa yara, domin dokar ƙasashen Turai ta hana matafiyi shiga da nama. Sauran kuwa na cusa a jakar hannu, don kada in ɓata mata rai kawai.

Da farko dai sai da na ga kamar ni ke da gaskiya. Mun tashi daga filin jirgin sama na Lawanti, wanda a shekarar ne aka raɗa masa sunan Birgediya Zakariya Maimalari, kuma ba mu jima da lulawa sama ba sai ga ma'aikaciyar jirgi tana bi kujera-kujera tana miƙa wa kowa ɗan kek da ruwan roba. Tafiyar ba ta wuce ta sa'a guda ba zuwa Abuja, tafiyar da in a mota ne sai mutum ya wuni, ya keta Alƙaleri da Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi, yana tsayawa yana cin masa a nan, tsire a can. Kek ɗin bai kai loma uku ba, amma alhajin da ke gefena da ɗalibar da ke bayana da ni duk iri ɗaya muka samu. Daga Abuja zuwa Landan ma an ciyar da mu dare da safe. Har na fara tsara yadda zan tsokani tsohuwa in na dawo.

A zango na uku ne labari ya sha bamban. Daga Landan zuwa Hambog tafiyar kimanin sa'a ɗaya da rabi ce, kuma tikitin da masu taron suka saya mini na jirgin nan ne mai araha. Na shiga da yunwa, don na ƙi sayen kome a filin jirgi bisa zaton abinci na jirana a sama. Da aka turo 'yar kurar abinci ta iso kaina, na ce a ba ni shayi da burodi. Budurwar ta zuba shayin, ta ɗora burodin, sannan ta miƙo mini 'yar na'ura irin ta masu POS, ta faɗi kuɗi. Na ɗan yi jim. Na zaro takardar kuɗi, ta ce ba su karɓar tsaba, sai kati. Na zaro katina na naira, alhali na sani sarai a wancan lokacin bankunanmu sun dakatar da amfani da irinsa a ƙasashen waje. Na dai miƙa, ko Allah zai sa. Na'ura ta ƙi. Ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta mayar da burodin mazauninsa, ta janye shayin, kura ta yi gaba.

Ban taɓa sanin kunya tana da nauyi a kafaɗa ba sai ran nan. Ga ni da digiri uku, ga takardar da zan gabatar a kan adabi cikin jaka, amma kofin shayi ya gagare ni a gaban mutane.

Daga baya na bi diddigin al'amarin, kamar yadda malami kan yi in abu ya ba shi haushi. Ashe tsohon zance ne a can. Tun da Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara a 1978 suka shiga gasar karya farashi, aka fara neman abin da za a zare daga cikin tikiti. Kamfanoni irin su Ryanair da easyJet suka gina kasuwancinsu a kan haka: kujera kaɗai ka saya, jaka da kuɗinta, zaɓen wurin zama da kuɗinsa, ruwan sha ma da kuɗinsa. Har British Airways, wanda ake ganin na manya ne, ya koma sayar da abinci a ƙaramin aji na gajerun tafiye-tafiyensa a farkon 2017. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Abincin da ake cewa kyauta, ai ba kyauta ba ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗinsa na cikin tikiti, wanda ya ci da wanda ya yi barci duk sun biya. Me zai sa mai azumi ya biya wa wani kuɗin burodi? Ga kuma nauyin kaya da ke ƙara shan mai, ga ragowar da ake zubarwa. In don lissafi ne, ban ga inda zan kama su ba.

Mu ma kuma kada mu cika baki. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, in ayari ya sauka, mai masauki kan ba su ɗaki da tuwo ba tare da ya ce a biya ba, amma kowa ya san ladarsa na fitowa daga cinikin da za a ƙulla ta hannunsa. Ashe karamci da ciniki sun daɗe suna kwana ɗaki ɗaya a wurinmu. Abin da kakanninmu suka iya shi ne lulluɓe cinikin da mayafi, yadda baƙo zai ci ya ƙoshi ba tare da an ƙirga masa loma a gaban jama'a ba.

Wannan mayafin ne na ga an yaye a cikin jirgin nan, kuma ba a kaina kaɗai ba. A layinmu mu uku ne: ni a bakin hanya, wani magidanci a jikin taga, sai wani yaro ɗan kimanin shekara shida a tsakiya, uwarsa na tsallaken hanya da jariri a cinya. Magidancin ya sayi burodi mai cuku da aka ɗumama, ƙamshinsa ya cika wurin. Ya buɗe ya kama ci, bai ce wa kowa bismilla ba, kuma ban ga laifinsa ba, don ba tarbiyyarsu ba ce. Yaron ya bi burodin da ido tun daga takarda har baki. Ya juya ya yi wa uwarsa magana da wani harshe da ban sani ba, ta girgiza kai, ta kau da fuska. Wannan girgiza kan ba ya bukatar tafinta.

A tashar mota, in ba ka da kuɗin tsire, sai ka matsa gindin bishiya ka ba mai ci wuri, mutuncinka na hannunka. A kasuwa ma haka. Amma a jirgi an ɗaure ka da ɗamara, kafaɗarka na gugar ta mai ci, ba inda za ka, ba inda za ka kai idonka. An tara mai shi da marar shi a tabarma ɗaya, sannan aka ajiye akushi a gaban mutum guda. Mu da aka raina da cewa baƙonka annabinka, kuma aka hana mu cin ko gyaɗa a gaban ƙanne ba mu gutsura musu ba, wannan zama yana yi mana wuya ƙwarai.

Sai a lokacin na tuna da ƙunshin Inna. Na daɗe ina shawara kafin in taɓa jakar, don wani sashe na zuciyata na ce mini malamin jami'a ba ya kwance ƙullin leda a jirgin Turawa. Yunwa dai ta yi rinjaye. Na kwance, na ɗebo dabino, na nuna wa uwar yaron tukuna, don na ji an ce a can ba a ba ɗan wani abu sai da izini. Ta yi ɗan shiru, ta dubi dabinon, ta dube ni, sannan ta gyaɗa kai. Yaron ya ɗauki ɗaya, ya cinye, ya riƙe ƙwallon a hannu bai san inda zai sa ba, na buɗe masa tafina ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Na miƙa wa magidancin, ya ce ya gode, ya ƙoshi, ya mayar da kansa ga taga. Masana na cewa busasshiyar iskar cikin jirgi da ƙarancin matsinta kan dushe ɗanɗanon zaƙi da gishiri a harshe. Wataƙila haka ne, amma ni da yaron nan mun ga bayan cincin ɗin kafin a ce a ɗaura ɗamara za a sauka.

Bayan kwana tara na sauka a Lawanti da la'asar, hadari ya haɗo ta gabas. A jirgin Abuja an sake ba mu kek da ruwa, na karɓa da hannu biyu, har ma'aikaciyar ta dube ni. Ban ci ba, na sa a aljihu. Da na isa Jekadafari na tarar da Inna a kan tabarma tana jan carbi. Bayan gaisuwa da ban gajiya na ajiye mata tsaraba, na ɗora ɗan kek ɗin a sama. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Wannan ne abincin da ake ci har a ture?" Na ce shi ne. Ta miƙa wa jikarta, sannan ta tambaye ni ina robar da ta zuba mini cincin, don ba ta da wata mai murfi irinta.