Lissafin gidan yari a bakin ƙofa yake tsayawa

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, kuma maganar ba mai daɗi ba ce: mutanen da suka faɗa hannun hukuma, daga baya suka kashe kansu. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka yau ba, ya ajiye sai wani lokaci.

2/ Aikina tattara bayanan marasa lafiya ne a kwamfuta. Abin da na fi gani a aikin nan shi ne kowane ofishi iyakar ƙofarsa yake gani. 'Yan sanda da kundinsu, kotu da nata, gidan yari da nasa, asibiti da nasa, masu rajistar mutuwa da nasu. Mutum ɗaya ne, amma an raba labarinsa gida biyar, kuma babu gidan da ke leƙa na maƙwabcinsa.

3/ Idan fursuna ya mutu a ciki, za a ƙirga shi, dole. To idan an sallame shi ranar Litinin, ya mutu ranar Juma'a fa? A kundin gandirobobi "an sallama" ne kawai. A takardar mutuwa kuwa babu inda aka rubuta cewa kwana huɗu ke nan da fitowarsa. Kowa ya rubuta gaskiya, amma babu wanda ya ga abin da ya faru.

4/ Wasu masu bincike a Jami'ar Manchester, Daniel Pratt da abokan aikinsa, suka ce bari su haɗa kundin biyu. Suka ɗauki jerin waɗanda aka saki daga gidajen yarin Ingila da Wales, suka gwama shi da jerin waɗanda suka kashe kansu daga 2000 zuwa 2002. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2006.

5/ Cikin mutum 244,988 da aka saki, 382 sun kashe kansu kafin su cika shekara a waje. 79 daga cikinsu, wato kashi 21 cikin 100, a kwana 28 na farko. Idan aka kwatanta da sauran jama'a, haɗarin maza ya ninka kusan sau 8, na mata kusan sau 36.

6/ Ku tsaya a kan kwana 28 ɗin nan. Lokacin da dangi ke cewa alhamdulillahi an gama, shi ne lokacin da ya fi tsanani. A ciki akwai mai tashinsa, mai ba shi abinci, mai ƙirga shi safe da yamma, ko da babu ƙauna a ciki. A waje sana'a ta tafi, wataƙila matar ma ta tafi, bashi na jira, majalisar unguwa ta yi shiru idan ya ƙaraso. Idan yana shan maganin ƙwaƙwalwa a ciki, wa ya san zai ci gaba da samu?

7/ Denmak ta fi kowa sauƙin irin wannan aiki, saboda tun 1968 kowane mazaunin ƙasar yana da lamba ɗaya tasa. Da ita ake rubuta shi a asibiti, da ita a kotu, da ita ranar da ya mutu. Mai bincike ba ya ganin suna. Ana ɓoye lambar, a ba shi layin bayani kawai: an tuhume shi shekara kaza, an kwantar da shi kaza, ya rasu kaza.

8/ Roger Webb da abokansa sun bi mutum 27,219 da suka kashe kansu a Denmak daga 1981 zuwa 2006, suka kwatanta su da rayayyu sama da rabin miliyan. An buga a 2011. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazan sun taɓa shiga hannun shari'a.

9/ Amma ga abin da ya fi tsaya min a rai. Haɗarin bai tsaya ga waɗanda aka ɗaure ba. Har wanda bai taɓa kwana a gidan yari ba, har wanda kotu ba ta same shi da laifi ba, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Kuma ya fi yawa idan shari'ar ba ta daɗe ba, ko ta yi ta maimaituwa.

10/ Wani binciken na Ingila da Wales ya zo da makamancin haka: kashi 13 cikin 100 na waɗanda suka kashe kansu suna da wata hulɗa da 'yan sanda ko kotu kafin mutuwarsu, alhali suna waje, ba a tsare ba. Kun ga ke nan mai gadin kurkuku ba zai taɓa ganin waɗannan ba.

11/ A nan a yi hattara. Alƙaluman ba su ce kotu ce ke kashe mutane ba. Da yawa sun zo da ciwonsu tun kafin kamu: shaye-shaye, taɓin ƙwaƙwalwa, talauci, gidan da ya watse. Masu binciken Denmak sun cire tasirin irin waɗannan a lissafi, haɗarin ya ragu amma bai ɓace ba. Ni dai fahimtata, kunya da fargabar abin da zai biyo baya suna da nasu kason.

12/ Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya yi sama da shekara a tsare yana jiran shari'a, daga baya aka sake shi ba tare da hukunci ba. An yi murna, an dafa abinci, kwana biyu kowa ya watse. Shi kuwa ya shige ɗaki, sati uku ko masallaci ba ya fita. Mutane na cewa a bar shi ya huta. Wani kawunmu ne ya ƙi, kullum da asuba sai ya buga masa ƙofa ya ja shi shagonsa, ko magana ba sa yi. Yana nan da ransa, har ya yi aure. A takardun hukuma kuwa labarinsa ya ƙare ranar da aka buɗe masa ƙofa.

13/ Amfanin haɗa kundi ke nan, ba don a cika mujalla da lambobi ba. Yana nuna maka wane lokaci, kuma a wace ƙofa za ka tsayar da mutum. A sa ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a ofishin 'yan sanda da harabar kotu, kamar yadda Ingila ke yi. A sallami mutum da maganinsa a hannu da ranar ganin likita. A samu mai neman sa a satin farko, ba wata na shida ba.

14/ Na san wani zai ce, to wa ya yarda a haɗa fayil ɗinsa na asibiti da na 'yan sanda? Tambaya ce mai kyau, ni ma ina jin tsoron. Kundin da zai ceci mutum shi ne zai iya hana shi aiki ko aure idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Shi ya sa mai riƙe sunaye daban, mai lissafi daban, kuma bayanin lafiya ba ya komawa wurin mai gabatar da ƙara. Idan ba za a iya tsare wannan ba, gara a haƙura.

15/ Mu a Najeriya muna da lambar NIN, muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, wato irin mutanen da binciken Denmak ya ce a lura da su. Sai dai da me za a haɗa kundin nasu? Yawancin mace-macenmu ba a yi musu rajista. A yi wanka, a yi sallah, a binne kafin la'asar. Idan kuma mutum shi ya kashe kansa, dangi "gajeriyar rashin lafiya" za su ce, saboda nauyin abin a addini da bakin mutane. Ban ga laifinsu ba.

16/ Sannan ga doka. Sashe na 231 na Penal Code a Arewa, da na 327 na Criminal Code a Kudu, sun mai da yunƙurin kashe kai laifi, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Wato wanda Allah ya kuɓutar, maimakon gadon asibiti, ana iya shigar da shi cikin layin masu shari'a, inda bincike ya nuna haɗarin ya fi yawa. Wace uwa ce za ta kai ɗanta a rubuta gaskiyar abin da ya yi, tana sane da wannan? Ghana ta cire irin wannan hukunci daga dokarta a 2023.