Daga New Bell Zuwa Bassa: Samarinmu Da Allon Wasan Harbi

Duk wanda ya san Duwala ya san New Bell unguwar baƙi ce tun da daɗewa. Jamusawa ne suka yanke ta lokacin da suka tashi 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri, rigimar da ta kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a 1914. A nan fatakenmu suka sauke kaya, suka gina masallaci, har aka sami Unguwar Hausawa. To, yau idan mutum ya ratsa lungunan nan bayan La'asar, ban da ƙamshin tsire da ƙarar bensikin, zai ji harbe-harbe na fitowa daga wasu ƙananan ɗakuna masu labule. Kada ya firgita, samari ne ke wasa. Yawancinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa a PlayStation, amma akwai 'yan gani-kashe-nin wasan harbi, irin su Call of Duty da Counter-Strike, kuma su ne ba sa raina allo.

Daga nan sai a hau bensikin a nufi mararrabar Ndokoti, inda mota da mutum da amalanke ke gogayya, sannan a shiga unguwar masana'antu ta Bassa, wadda hukumar MAGZI ke kula da filayenta. Nan kamfanin atamfa na CICAM yake, da na cakulan na Chococam. Dogayen katangu ne da manyan motoci, babu abin kallo sosai. Abin da ya fi jan hankalina shagunan birokant ne da ke kan hanya, masu sayar da kwancen Turai da aka sauke a tashar jiragen ruwa: firiji, dutsen guga, da allunan kwamfuta jere kamar faranti. A irin waɗannan shaguna ne yaranmu da dama ke sayen allo, wani lokaci da kuɗin da uwa ta tara a adashi.

To, a nan gizo ke saƙar. Allo na gama-gari yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, na 'yan wasa kuwa sau 144 ko fiye, saboda haka mai shi yakan riga abokin karawarsa ganin motsi. Amma sau da yawa Windows kan bar allon a kan 60 sai an shiga an sauya da hannu, kuma tsohuwar wayar HDMI na iya kasa ɗaukar 144 ɗin, sai an nemi ta DisplayPort. Ka ga yaro ya biya kuɗin doki yana hawan jaki bai sani ba. Wanda ke wasa a talabijin kuma, sai ya kunna tsarin wasa da ke cikinta, domin gyare-gyaren da take yi wa hoto na jinkirta shi. Masu gasa sukan kashe V-Sync don wannan dalili, ko da hoton zai riƙa ɗan tsagewa.

Sai batun haske, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci a garinmu. Ɗakunan New Bell duhu gare su, balle a watan Yuli da Agusta da hadari ba ya ɗagawa. Yaro sai ya ƙure hasken allo yana zaton hakan ne zai nuna masa maƙiyi a lungu, alhali idonsa kawai yake gajiyarwa. Abin da ake ɗagawa shi ne hasken wuraren duhu na hoton kaɗai, wanda wasu alluna ke da maɓallinsa daban, a bar sauran a tsaka-tsaki, a kuma kunna ƙaramar fitila a bayan allon.

Iyaye da suka riga suka biya, ina ba su shawara su ƙara da na'urar daidaita wuta. Wutar da ke zuwa daga madatsun Edeya da Song Lulu a kan kogin Sanaga takan ɗauke ta dawo da ƙarfi, kuma mai birokant ba ya karɓar allon da ya ƙone.