Tufar Da Ba A Gani

Mu maza ba mu saba maganar kayan cikin mata ba, kunya ke hana mu. Amma ni malamin makaranta ne, uban 'ya'ya mata uku kuma, na ga abin da wannan kunya take jawowa.

Iyayenmu mata a ƙasar Gumel sukan ɗaura fatari a ƙarƙashin zane. Ɗan gajeren zane ne na auduga, yana shan gumi, yana rufa asiri in iska ta ɗaga na sama. Yanzu shimi da siket na ciki sun kusa maye gurbinsa, da yawansu kuwa na nailan ne. A Amurka aka fara yin zaren nailan a 1935. Yana da ƙarko, yana bushewa da wuri, amma ba ya shan gumi. A watan Afrilu, sa'anda zafi yakan wuce digiri 40 a Gagarawa da Sule Tankarkar, yarinya takan wuni a aji jikinta sharkaf, har ƙuraje da ƙaiƙayi su fito mata. Ba za ta faɗa wa kowa ba. Sai dai malami ya ga ta daina zuwa.

Wata kuma ba ta da shi sam. Rigar makarantarta ta koɗe, ta yi shara-shara. In aka kira ta gaban allo sai ta noƙe, a ce ba ta da ƙoƙari.

Uba yakan je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya sayar da rago, ya sayo atamfa, gama ita mutane za su gani su yaba. Ya ɗan'uwana, ka rage wani abu ka ba uwar 'ya'yanka. Yadi biyu na auduga ya isa tela ta ɗinka wa ƙaramar yarinya guda biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a wanki.

Ke kuma 'yar'uwata, in gwanjo kika sayo, ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki goge kafin a sa. Kada kunya ta sa ki shanya a lungun ɗaki, gama tufa mai laima tana kawo cuta. Ki ɗaura igiya a bayan zana inda rana take bugawa. Ki riƙa tambayar 'yarki a keɓe, domin ba za ta fara faɗa ba.