Abin da ya bar gida

Wata jakar jar fata da na gani a hannun wani baduku a kasuwar Sakkwato, ƙamshin jima bai ma sake ta ba, ita ta tsayar da ni. Irin wannan fata ta jar akuya, da ake jemewa da bagaruwa, raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka lulluɓe littattafansu da ita suna ce mata fatar Maroko. Majemin bai san inda aikinsa ya kwana ba. Yau kuwa sunan mai aiki na bin aikinsa. Misali, El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar shekaru da yawa a Nsukka, yana ɗinke murafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane. A 2019 aka baje ayyukansa a Munich, daga nan Doha, sai Bern a 2020, kuma yakan bar masu rataya su su lanƙwasa yadda suka ga dama. Wannan sakin hannu ke ba ni mamaki, don mutum da wuya ya yarda baƙo ya taɓa abin da ya wahala a kai. Ko majemin da ya yarda, in da an tambaye shi?