Karatun Jagora a Gindin Kilimanjaro

Alhamis, Mweka

Kwalejin Mweka tana zaune a gindin Kilimanjaro ta kudu, kimanin kilomita 14 daga garin Moshi, gonakin ayaba da na kofi na mutanen Chagga sun kewaye ta. An buɗe ta a 1963 da ɗalibai 25, Tanganyika ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, don a horar da 'yan Afirka da za su gaji Turawa a aikin kula da gandun daji. Yanzu ban da masu gadin namun dawa tana koyar da masu raka baƙi, har da gajeren kwas na jagororin dutse, wanda shi ya kawo ni daga Bauchi.

A ajinmu ni kaɗai ne ban taɓa taka dutsen ba. Yawancin ɗaliban 'yan dako ne da suka shekara da shekaru suna ɗaukar kayan masu yawon buɗe ido. Matakan sana'ar a nan sanannu ne: ka fara da dako, ka zama mataimakin jagora, sannan babban jagora. Tun 1991 doka ta hana kowa hawa dutsen sai da jagora mai lasisi, saboda haka takardar da suke nema abincinsu ce da na iyalinsu.

Malamai biyu za su riƙe mu. Ɗaya matashi ne mai digiri, shi ke da allo da majigi. Ɗayan dattijo ne da ya fara dako tun yana saurayi. Kowa Mzee yake ce masa, ni kuwa bakina ya fi sabawa da Baba, bai kuma hana ni ba. Yau bai ce uffan a aji ba. Ya zauna can baya yana duban takalman mutane.

Juma'a

Darasin yau shi ne abin da tsayi ke yi wa jikin ɗan Adam. A ƙololuwar Uhuru, mita 5,895, kowane numfashi kusan rabin oksijin da mutum ke samu a bakin teku yake shigarwa. Ciwon tsauni kan fara nuna kansa da zarar an wuce mita 2,500, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. An koya mana tambayoyi huɗu da za mu riƙa yi wa kowane baƙo safe da yamma: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, jiri. Wannan mai sauƙin ke nan. Masu kisa biyu ne, ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Na farko ana gane shi da tari da haki ko da mutum yana zaune. Na biyu kuma mutum ya rikice, ya kasa tafiya kan layi yana ɗora diddige a gaban yatsu. Akwai ƙwayoyi, akwai tukunyar oksijin, amma duk na sayen lokaci ne. Maganin gaskiya a sauko da mutum.

Likitocin tsauni sun ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Yawancin hanyoyin Kilimanjaro sun fi haka sauri, domin kuɗin shiga gandun dajin dutsen kwana-kwana ake biyansa, kowane baƙo kuma so yake ya rage kwana. Malamin bai ɓoye wannan ba. Ya ce giɓin da ke tsakanin ƙa'idar likita da aljihun baƙo, idon jagora ne kaɗai ke cike shi.

Na ɗaga hannu na kawo maganar sikila, tunda ba ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Ya ce haka ne, tsayi haɗari ne babba ga mai sikila, kuma ko mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, saifarsa na iya samun matsala a can sama. Ya sa tambayar cikin takardar da baƙo zai cike. Na ji daɗin malamin da ke karɓar magana daga ɗalibi nan take.

Mun sauka Moshi sallar Juma'a.

Asabar

Atisayen agajin gaggawa tun safe: ɗaurin karaya, ɗumama wanda sanyi ya kama, ɗora mutum kan gadon ɗaukar marasa lafiya mai taya ɗaya. Da yamma aka baje kayan kowa a fili, domin gobe za mu fara hawa dutsen. Baba ya mayar da mutum biyu su nemo safa ta ulu, ya cire ledoji da gorunan roba na ruwan kanti, domin an hana shiga da su.

Lahadi, zangon Machame

A ƙofar Machame, mita 1,800, akwai sikeli. Ba ɗan dakon da zai wuce da kayan baƙi da suka haura kilo 20. Baba ya tsayar da mu a gaban sikelin kusan awa guda, ya ce mu zuba ido. Ya nuna mana yadda wasu ke rage kaya kafin awo su mayar bayan an shiga kurmi, don a rage yawan 'yan dakon da za a biya. Ya ce ranar da muka zama manyan jagorori mu sake auna kaya da kanmu a zango na farko.

Da na ga layin mutane da kaya a ka suna kutsawa cikin kurmi, sai ayarin fataken goro na kakanninmu zuwa Gwanja ya faɗo mini a rai: madugu mai yanke hukunci, jagaba a gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki yana kula da biyan fito. Su ma ba kowa ake ba maduganci ba sai wanda ya daɗe yana bin ayari. Abin da makarantar nan ke ƙoƙarin yi shi ne ta ɗauki wannan doguwar gogewa ta haɗa ta da ilimin likita da na taswira.

Tsarin shi ne kullum ɗalibi ɗaya ke riƙe tafiya, malamai suna bin baya. Na yau yaro ne mai ƙafa, ya saba da saurin dako. Sau uku Baba yana aika masa ya sassauta. Mun ga birai baƙaƙe masu farar jela a kan itatuwa. Ruwa ya sauko kafin mu isa zango, wajen mita 3,000.

Litinin, Shira

Kurmi ya ƙare, sai gajerun itatuwa da hazo. Zangon yana wajen mita 3,800, dutsen Meru yana leƙowa ta yamma.

Darasin daren nan ba a tantin baƙi aka yi shi ba. Baba ya kai mu tantin 'yan dako, ya ƙirga su, ya tambayi kowa abin da ya ci tun safe, ya taɓa shimfiɗarsu ya ji ko ta jiƙe. Ya ce, "Baƙo yana da rigar dubban ɗaruruwa da wanda zai tambaye shi lafiyarsa. Wannan yaron kai kaɗai gare shi." Ya ba mu labarin zamanin da ake kwana a kogo da wutar itace, kafin a hana yanke itacen dutsen. Ba a majigi za a koyi wannan ba, kuma wanda bai taɓa kwana a wannan tantin ba ba zai tuna ya shiga ba.

Talata, Barranco

Mun hau har Lava Tower, mita 4,600, muka ci abinci, muka gangaro muka kwana ƙasa da mita 4,000. Da gangan aka tsara hanyar haka, a ɗanɗana wa jiki tsayi da rana a bar shi ya huta a ƙasa da dare. Kaina ya yi ta sara a sama, da muka sauko ya lafa. A kwarin Barranco akwai wasu itatuwa masu kauri da kan ganye kamar rawani, suna riƙe busassun ganyensu a jiki don kare kansu daga sanyin dare.

Bayan cin abinci malaman biyu suka yi muhawara a gabanmu, kuma ina ganin ita ce darasi mafi tsada a tafiyar. Matashin ya zagaya da ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini, ya ce a rubuta lambar kowa safe da yamma, domin sauyin lambar daga rana zuwa rana yana faɗakarwa tun kafin mutum ya yarda yana ciwo. Baba ya ce yana da kyau, amma yatsa mai sanyi ƙarya yake sa na'urar ta yi, kuma ya sha ganin mai lamba mai kyau yana tangaɗi. Shi abin da yake kallo daban ne: wa ya bar abinci a kwano, wane mai surutu ne ya yi shiru, wa ya daɗe yana fama da igiyar takalmi. Matashin ya amsa cewa idon Baba shekara talatin aka yi ana wasa shi, waɗannan ɗaliban kuwa baɗi za a damƙa musu rayuka, dole a ba su abin da za su riƙe kafin idonsu ya nuna. Baba ya gyaɗa kai. Ba wanda ya kayar da wani, kuma ban so a kayar ba. Makarantar da take da ɗayansu kawai rabin jagora za ta yaye.

Laraba, Karanga

Katangar Barranco ta haura mita 250, ana hawanta da hannu da ƙafa, ba igiya. Ni aka ba riƙon tafiya. Aikin duka shi ne sanin inda za ka tsayar da mutanenka su raɓe 'yan dako su wuce, da inda za ka tsaya ƙasa da mai tsoro ka nuna masa wurin sa ƙafa. Gajeriyar rana ce. Rafin Karanga shi ne ruwa na ƙarshe a wannan hanya.

Alhamis, Barafu

Mita 4,600 da ɗoriya, tsakuwa da iska, ba ciyawa. Duk ruwan da za a sha a nan a ka aka hawo da shi daga Karanga, don haka na yi taimama, na haɗa Azahar da La'asar. Wadda za ta riƙe tafiyar dare mace ce mai 'ya'ya biyu, ta yi dako kafin ta shigo aji. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta duba tocilar goshi da safar hannu, ta ce kowa ya sa gorar ruwansa cikin riga kada ta daskare. Ta faɗi lokacin da za a juyo ko an kai ko ba a kai ba.

Juma'a

Tsakar dare muka tashi. Ba abin gani sai dugadugan na gabanka da layin tocila yana lanƙwasa zuwa sama.

Gab da asuba, ƙasa kaɗan da Stella Point da ke bakin ramin saman dutsen, muka cim ma wani ayari na wani kamfani. Baƙonsu, Bature mai matsakaicin shekaru, yana rataye a kafaɗar jagoransa, ana jansa sama. Jagorarmu ta tsayar da mu. Ta gaishe da jagoran, ta ce, "Ɗan'uwa, ka ba ni izini in yi masa magana." Ta tambayi mutumin sunansa, ya daɗe kafin ya amsa. Na'urar yatsa ta ƙi nuna komai saboda sanyi. Ta ja layi a tsakuwa da sandarta ta ce ya bi, taku biyu ya karkace.

Jagoran nasa yaro ne, kuma ba mugu ba ne. Tsoro ne a fuskarsa. Ya ce saura kaɗan, mutumin ya biya kuɗi mai yawa, in bai kai ba tukuicin ayarin duka zai ragu, kamfani kuma yana ƙirga wanda ke kai baƙi sama. Duk abin da ya faɗa haka yake, kuma wannan lissafin ne ke kashe mutane a duwatsu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ƙwaƙwalwar mutumin ce ke kumbura, kowane taku sama ƙara ta yake yi, in ya faɗi a bakin ramin dutsen saukowa da shi zai ninka wuya. Baba yana tsaye a gefe bai sa baki ba sai da yaron ya dube shi, sannan ya ce, "Abin da ta faɗa maka." Ta miƙa ragamarmu ga malamin aji, ita da Baba suka kama mutumin suka juya da shi.

Mu muka wuce Stella Point, mita 5,756, muka bi bakin ramin zuwa Uhuru da fitowar rana. A nan Laftanar Alexander Nyirenda ya kafa wutar 'yanci da tuta a Disambar 1961. Ƙanƙarar da ta rage tsaye take kamar katanga, amma malamin ya ce kimanin kashi 85 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta narke kafin 2007. Minti kaɗan muka yi, ya ce a sauka.

Asabar

Mun fito ta ƙofar Mweka. Baturen ya dawo hayyacinsa tun jiya da aka sauko da shi zangon ƙasa, aka wuce da shi asibiti a duba shi. Masu kaiwa Uhuru an ba su takardar gandun mai ruwan zinariya. Jagorarmu ba ta samu ba a wannan karon, amma a takardar malamai ita ce ta ɗaya, su biyun kuma suka sa hannu. Na tambaye ta ko ta taɓa juyar da baƙo a da. Ta ce tana dako ta sha ganin irin haka, ta san ba daidai ba ne, amma ba ta da sunan ciwon kuma ba ta da bakin magana. Karatun ne ya ba ta duka biyun.

A gida dutsenmu mafi tsawo, Chappal Waddi a Gashaka Gumti, mita 2,419 ne, saboda haka ciwon tsauni ba shi ne damuwarmu ba. Namu ƙishirwa ne da zafin rana, saran maciji, rafin da ke cika cikin minti kaɗan da damina, da ɓata a dawa. Muna da wuraren da za a ɗora wannan karatu: kwalejin namun daji ta New Bussa, makarantar dutse ta Shere a Jos, ga makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru da ke aiki tun 1970. Muna kuma da tsofaffin mafarauta da masu gadin daji da suka san kowane sawu da kowane tafki, suna tsufa ba wanda ya gaje su. Roƙona ga masu riƙe da waɗannan makarantu shi ne su buɗe kwas na jagorori mai lasisi, su ɗauki irin waɗannan dattawa aikin koyarwa da albashi, su zaunar da su kusa da masu digiri tun suna da ƙafar shiga daji.