Uwargida, Wa Ke Riƙe Da Makullin Hotunanki?

Uwargida, a gidaje da yawa nan Nasarawa ta Birnin Kebbi kwamfuta ɗaya ce ke yi wa kowa aiki. Maigida ya yi lissafin ofis, babban yaro ya buga aikin makarantarsa na Kwalejin Waziri Umaru, ke kuma idan waya ta cika sai ki juye kayanki a ciki: hotunan lalle da kamu da aka ɗauka cikin mata zalla babu mayafi, sakamakon asibiti, takardar fili. Ran da ta lalace, yaro ake ba ya kai wa mai gyara, ta kwana uku a shago. Wannan kwana ukun shi ke hana ni sukuni.

Kada lambar sirrin da ake sawa wajen kunnawa ta ruɗe ki, labule ce kawai. Wanda ya san aiki zai iya zare ma'ajiyar kwamfutar, ya jona ta a wata, ya ga komai. Makulli na gaske shi ne a hargitsa bayanan su koma abin da ba ya karantuwa sai da mabuɗinsu. Daɗinsa, ke ba ki ma ganin aikin: kin shiga da lambarki, hoto ya buɗe kamar kullum. Wani ya zo ta bayan gida, ya tarar da shirme.

Windows na da wannan tun Windows 2000, ana ce masa EFS. Ki danna folda da maɓallin dama, ki shiga Properties, sannan Advanced, ki zaɓi Encrypt contents to secure data. Sai dai yana aiki ne a Windows Pro, ban da Home. Kuma manne yake da asusun wanda ya kulle, don haka in ke da yara duk asusu ɗaya kuke shiga, kin kulle ƙofa ne kin bar makulli a jiki. Ga kuma abin da ya fi tsorata ni: idan mai gyara ya goge Windows ya sa sabo, abin da suke saurin yi, alhali ba ki kwafe mabuɗin a filas ba, hotunan sun tafi, ko ke ba za ki sake buɗe su ba.

BitLocker da FileVault na masu Mac ma'ajiyar gaba ɗaya suke kullewa. Sun yi maganin ɓarawo, amma da zarar kin ba mai gyara lambar shiga, ai kin ba shi gidan.

Shi ya sa ni na fi natsuwa da VeraCrypt. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Akwati take yi miki mai lambarsa daban, in kin buɗe ya fito kamar filas, in kin rufe ya koma dunƙule ɗaya. Lambar nan in kin manta ta, babu mai dawo miki da ita. Ki rubuta a takarda ki sa inda kike ajiye sarƙarki ta gwal, ki kuma kwafi akwatin a filas kafin zafin Afrilu ya kwantar da kwamfutar.